Yadda ake samun juyen baƙin mai da rangwame a garejin dilolin mota a Amurka

Shekarata ta farko a Amurka ko kallon garejin dila ba na yi. Ginin gilashi, tutoci, sababbin motoci a jere suna ƙyalli, sai na yanke wa kaina cewa wurin na masu hannu da shuni ne. Idan lokacin juye ya yi, sai in nufi shagunan gefen titi da ke yi maka aikin cikin minti goma kana zaune a mota. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo da ya daɗe yana tuƙin tasi ya ga takardar da aka manna mini a gilashi, ya ce, "Yaro, nawa suka karɓa a hannunka?" Na faɗa masa. Ya buɗe aljihun motarsa ya zaro rasit ya miƙo mini. Mai iri ɗaya da nawa, a garejin dila, har da sauya wa tayoyi wuri, kuma kuɗinsa bai kai nawa ba. Na ce, "Baba, ko kana da wani a ciki ne?" Ya ce ba shi da kowa, takardar rangwame kawai yake zuwa da ita.

Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Dila ba ya neman riba a juyen mai, wani lokaci ma faɗuwa yake yi. Abin da yake so shi ne motarka ta shiga garejinsa a ɗaga ta sama, a duba birki da taya da batir, a samo aikin da ya fi tsoka. Sashen gyara da sayar da kayan gyara na daga cikin manyan hanyoyin ribar dilolin Amurka, kuma mutumin da ke karɓar motarka a kan tebur yawanci yana da kamasho a kan duk abin da ya sayar maka. Juye mai araha koto ne. Abin da zan nuna maka shi ne yadda ake cinye koton a bar musu ƙugiyarsu, ba tare da an cuci kowa ba.

Fara da littafin motarka

Kafin ka nemi rangwame, buɗe littafin da ya zo da motar. Idan ka saye ta hannu na biyu babu littafi, kamfanonin suna ajiye shi kyauta a shafukansu na intanet. Abu uku za ka rubuta a wayarka: lambar man da injin ke sha, yawan man, da tazarar da ke tsakanin juye da juye.

Lambar mai tana nan a kan murfin da ake zuba shi ma, kamar 0W-20 ko 5W-30. Camry mai silinda huɗu daga 2018 tana shan 0W-16. Motocin Chevrolet da GMC da sauran na kamfanin GM suna buƙatar mai mai tambarin dexos. Yawan mai kuma a Amurka da kwat ake auna shi, kwat ɗaya ya gaza lita da ɗan kaɗan, wajen 0.95. Ƙananan motoci da yawa ba su wuce kwat 5, amma Silverado mai injin 5.3 daga 2014 tana shan kwat 8. Riƙe wannan adadi da kyau, za mu dawo kansa.

Tazarar juye ita ce inda aka fi cin kuɗin mutane. Tsohuwar ƙa'idar mil 3,000 ta zamanin tsofaffin injuna ce da tsohon mai, har gwamnatin jihar Kalifoniya ta taɓa yin gangamin wayar da kai don mutane su daina binta ido rufe. Yawancin motocin Toyota masu shan 0W-20 sintetik, littafinsu ya ce mil 10,000 ko wata 12, wato kusan kilomita 16,000. Honda tana da na'urar da ke lissafa lafiyar mai, idan ta sauko zuwa kashi 15 cikin ɗari sai ta haska maka. Amma 'yan'uwa masu Uber da Lyft da kai saƙon abinci, ku kula: littafin ya ware tuƙi mai wahala, irin na yawan tsayuwa injin na aiki da gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi, kuma ga Toyota wannan yana dawo da juye zuwa mil 5,000. Kada neman sauƙi ya sa ku ja lokaci fiye da haka.

Duba ko kana da na kyauta ba ka sani ba

Na ga wanda ya biya kuɗin abin da yake da haƙƙin samu kyauta. Sabuwar Toyota tana zuwa da ToyotaCare, sabis kyauta na shekara 2 ko mil 25,000, duk wanda ya riga zuwa. BMW tana ba da shekara 3 ko mil 36,000. Volkswagen shekara 2 ko mil 20,000. Chevrolet tana ba da sabis na farko kyauta. Waɗannan sharuɗɗa suna canzawa daga shekarar ƙira zuwa wata, saboda haka ka kira dila, ka karanta musu lambar VIN, wato lambar nan mai harafi da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ce su duba ko motar tana da sauran sabis na kyauta. Ko hannu na biyu ka saya, idan ba ta tsufa ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. ToyotaCare dai ta cire motocin haya da na tasi, gara ka sani tun kafin ka je.

Sannan ka koma kan tarin takardun da ka sa wa hannu ranar da ka sayi motar. Dilalai da dama suna haɗa juye ɗaya ko biyu kyauta, wasu kuma suna cusa kuɗin sabis na gaba a cikin bashin motar. Idan ka riga ka biya, ai sai ka je ka karɓi abinka.

Farautar takardar rangwame

Abin da mutanenmu ba su cika sani ba shi ne kowace dila cin gashin kanta take yi. Biyu na iya ɗaukar tambarin kamfani ɗaya a gari ɗaya amma masu su daban, farashinsu daban. Don haka kar ka tsaya a wadda ka sayi mota. Buɗe taswirar wayarka, ka fitar da duk dilolin irin motarka da za ka iya kaiwa cikin rabin awa, ka shiga shafin kowacce. Ka nemi inda aka rubuta Service Specials, a nan suke zuba takardun rangwamen wata. Ɗauki hoton duk wadda ta shafi juye, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa.

Bayan na dila, akwai na kamfanin kansa. Ford tana da wani ƙunshi mai suna The Works, wanda ya haɗa juye da sauya wa tayoyi wuri da duba birki da gwajin batir da cika ruwaye. Garejinta na gaggawa, Quick Lane, yana karɓar kowace irin mota, ko ba Ford ba ce. Masu Jeep da Dodge da Chrysler da Ram su leƙa shafin Mopar, sashen sabis da kayan gyara na kamfaninsu. Manhajojin kamfanoni irin su na Ford da na Chevrolet suna tara maka maki da za ka iya biyan sabis da su.

Kada kuma ka riƙa zubar da takardun talla na akwatin gidan waya ba ka duba ba. Shuɗiyar ambulan ɗin nan ta Valpak takan zo da rangwamen gareji, haka Groupon a intanet. Ni na buɗe adireshin imel na daban wanda nake ba dilalai kawai. Duk tallansu can yake taruwa, ba ya dame ni, ranar da juye ya matso sai in shiga in zaɓa. Na lura wadda na daɗe ban je ba ita ke aiko da tayi mafi daɗi, don tana so ta dawo da ni. Idan kai ɗalibi ne, ko soja, ko ma'aikacin asibiti, ko ka manyanta, ka tambaya, wasu suna da ragi na musamman ba sa tallata shi.

Ƙananan rubutu, a nan cinikin yake

Babban adadin da ke saman takardar ba shi ne abin da za ka biya ba. Ka faɗaɗa hoton ka karanta ƙasa a hankali.

Kusan kullum za ka ga an ce har zuwa kwat 5. Idan motarka na shan 8, ukun da suka rage za a saka maka su a farashin dila, kuma suna iya cinye rangwamen gaba ɗaya. Sai irin man. Takarda mai arha sosai sau da yawa ta man gargajiya ce ko gauraye, alhali motarka sintetik zalla take so, kana isa sai a ce ai taka sai an ƙara kaza. Motar dizal da wasu motocin Turai yawanci ba sa ciki. Akwai ranar ƙarewa. Akwai sharaɗin cewa ba a haɗa takarda biyu. Sannan akwai wanda ya fi kama mutane: dole ka nuna takardar a lokacin da ake rubuta aikin, idan ka bari sai wajen biya suna iya ƙin karɓa. A ƙarshe haraji, da kuɗin zubar da tsohon mai, da abin da suke kira kuɗin kayan aikin gareji, wanda wasu ke lissafawa a matsayin kaso na kuɗin aiki.

A ce wata dila ta rubuta dala 49.95 ba tare da sauya wa tayoyi wuri ba, wata kuma dala 69.95 da shi a ciki. Idan tayoyinka sun isa sauyi, ta biyun ce mai arha, domin sauyin shi kaɗai yakan wuce bambancin da ke tsakaninsu.

Kira kafin ka je

Wannan kiran na minti uku ya fi komai amfani. Ka nemi sashen sabis. Ka faɗi irin motar da shekararta da injinta, ka ce kana da takardar rangwame ta kaza, sannan ka yi tambaya ɗaya: nawa ne jimillar da zan biya in fita, da haraji da komai? Amurkawa suna ce wa wannan farashi out the door, yi amfani da kalmar, za su gane ka san hanya. Ka rubuta adadin da sunan wanda ya faɗa maka.

Mu da muka tashi da ciniki a kasuwa, da mun zo nan sai mu ɗauka komai farashinsa ƙayyadadde ne. A babban kanti haka ne, a gareji akwai sarari. Idan dilar da ke kusa da kai ta fi tsada, ka ce wance ta ba ni kaza, za ku iya daidaitawa? Da yawa suna yarda, wasu har takardar shagunan juye na gaggawa irin su Valvoline ko Jiffy Lube suna karɓa muddin aikin iri ɗaya ne. Idan suka ce a'a, ka gode musu ka kira ta gaba. Idan ba ka samu takarda ko ɗaya ba, ka tambaya kai tsaye ko akwai wani rangwame a wannan watan. Mai karɓar aiki yakan iya saka ragi da kansa a kwamfuta.

Ka ɗauki lokaci tsakiyar mako, da sassafe. Asabar cunkoso ne, aikin minti arba'in sai ya cinye maka rabin yini, kuma ga mai tuƙin haya awa biyu a zaune ta fi rangwamen tsada.

A gaban tebur

Da ka isa, kafin ka miƙa makulli, nuna takardar. Za a buga takardar aiki a ba ka ka sa hannu. Karanta ta. Ka tabbata juye ne aka rubuta, da irin man da ya dace, da adadin da aka faɗa maka a waya. Wani lokaci za ka ga an rubuta sabis na mil 30,000 ko makamancinsa, ƙunshi ne da dila ta haɗa da kanta, ya fi abin da littafin mota ya nema yawa da tsada. Ka ce a mayar da shi juye kawai. Sannan ka faɗa a fili cewa kada a taɓa komai sai an kira ka ka amince. Doka na bayanka a jihohi da yawa. A Kalifoniya wajibi ne a ba ka ƙiyasi a rubuce kuma a nemi izininka kafin a ƙara aiki, a New York ma kana da haƙƙin ƙiyasi a rubuce idan ka nema.

Lokacin da ya fito da takarda mai launi uku

Kana zaune kana shan shayinsu na kyauta, sai mai karɓar aikin ya zo da fara'a, riƙe da takarda ko ya turo maka bidiyo a waya. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja a gyara yanzu. Karo na farko da na je wata dila da takardar rangwame, a nan na faɗi. Mutumin ya zo da matatar iskar cikin mota a hannunsa, ta yi baƙi, ga busasshen ganye a maƙale, ya ce wannan iskar 'ya'yana ke shaƙa. Ya ƙara da wanke hanyar mai da canza wani ruwa. Kunya ta hana ni cewa a'a, na ga kamar zan zama marowaci a kan lafiyar iyalina. Na fita na biya ninki huɗu na abin da na zo da niyya. Da na koma gida na buɗe littafi, babu ko ɗaya daga cikin ruwayen nan da lokacinsa ya yi. Matatar kuwa tana bayan aljihun gaban fasinja, ana sayar da ita a AutoZone ko Walmart da kuɗi kaɗan, kuma a mota irin tawa ko sukundireba ba a buƙata wajen sa ta.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Matatar iskar ciki da ta inji da robar waifa, na gode, zan sa da kaina. Wanke inji, wanke hanyar mai, maganin da ake zubawa a tanki, sai in tambaya: yana cikin jadawalin kamfani a wannan mil ɗin? Idan ya ce shawararmu ce, to na gane, a bar shi. Ruwan birki da na giya da na lagireto suna da lokacinsu na gaskiya, littafi ne alƙali.

Amma kada ka mai da kowace magana tasu yaudara, wannan ma kuskure ne mai haɗari. Binciken nan kyauta ne kuma yana da amfani, makanikan dila sun san irin motarka ciki da bai. Ka nemi adadi. Takalmin birki sabo yana da kaurin milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko 3 lokacin canji ya yi, idan 6 ne da sauran tafiya. Zanen taya kuma mafi ƙarancin da yawancin jihohi suka yarda da shi 2/32 na inci ne, kuma inda ake dusar ƙanƙara bai kamata ka jira ya kai nan ba. Idan aka ce wani abu na yoyo, ka ce a kai ka ka gani ko a ɗauko hoto. Abin da ya shafi birki da taya da sitiyari, idan ja ne da gaske, a gyara shi cikin kwanakin nan. Sai dai ba dole a nan ba. Karɓi ƙiyasin a rubuce, ka kai wa makanikin da ka yarda da shi ya faɗi nasa.

Idan aka tsorata ka da cewa garantinka zai lalace in ka yi aiki a waje, ka sani akwai dokar tarayya ta Magnuson-Moss ta 1975. Kamfani ba ya da ikon soke garanti don kawai ka yi sabis a wani gareji ko da hannunka. Abin da ake so gare ka shi ne ka yi a kan lokaci, da kayan da suka dace, ka ajiye rasit.

Tun da ka zo, ka ce su duba ko akwai kiranye a kan motar, wato gyaran da kamfani ya yi shelar a dawo da motoci a yi saboda wata matsala ta tsaro. Wannan kyauta ne kuma dila ce ke yin sa. Kana iya dubawa da kanka a shafin NHTSA, hukumar tarayya mai kula da tsaron motoci, da lambar VIN.

Sayen juye da yawa a dunƙule

Za su yi maka tayin biyan juye uku ko huɗu lokaci guda a farashi mai sauƙi. Lissafi ne kawai: raba kuɗin da yawan juyen, ka gwada da abin da kake biya da takardar rangwame. Ka tambayi yaushe zai ƙare, ko yana aiki a wata dila, da abin da zai faru idan ka sayar da motar ko ka ƙaura. Mai tuƙin haya da ke juye duk bayan wata biyu zai ci riba. Wanda ke juye sau ɗaya a shekara, ko mai shirin komawa wata jiha, ya bar kuɗinsa a aljihu. Alkawarin juye kyauta har abada kuwa, wanda wasu ke yi wajen sayar da mota, yawanci yana da sharaɗin cewa duk sauran sabis a wurinsu za ka yi. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san sauran.

Kafin ka bar harabar

Duba rasit layi-layi: an cire rangwamen, lambar man daidai, yawan kwat daidai, babu abin da ba ka amince da shi ba. Idan adadin ya saɓa da na waya, ka ambaci sunan wanda ya faɗa maka, cikin natsuwa, in ta kama ka nemi manajan sabis. Kamfanoni suna aiko wa abokan ciniki tambayoyin gamsuwa bayan aiki, kuma dilalai suna jin tsoron mummunan maki ƙwarai, don haka ba kasafai suke bari ka tafi da fushi ba. Idan kuma sun kyauta maka, ka ba su makinsu cikakke, haƙƙinsu ne.

Sai ka matsar da motar gefe inda ƙasa take a miƙe, ka kashe ta, ka jira minti biyar. Buɗe bonet. Murfin mai yana nan a ɗaure? Zaro geji, goge, mayar, sake zarowa: man ya kasance tsakanin alamomi biyu, launinsa kamar zuma. Leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, washegari da safe ma ka sake duba inda ta kwana. A garejin gaggawa sababbin ma'aikata ne suka fi yin juye, kuma noti da ba a ɗaure da kyau ba yana iya kashe inji. Ka tabbata an sake saita fitilar sabis a dashbod. Takardar da suka manna a gilashi kuma, idan ta ce ka dawo da wuri fiye da yadda littafi ya ce, bi littafi.

Ajiye rasit ɗin. Yawancin dilalai suna aika tarihin sabis zuwa Carfax, kamfanin da ke adana tarihin motoci, kuma ranar da za ka sayar da motar, ko a nan ko ka loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, mai saye da ya duba lambar VIN zai ga an kula da ita a kan kari.

Ayyukan da ka ce a bari kuma suna nan a kwamfutarsu. Idan ba na gaggawa ba ne, ka ɗan jira mako biyu ko uku kana leƙa imel ɗin nan na dilalai. Sau da yawa tayin rangwame kan ainihin aikin da ka ƙi zai biyo ka har gida, kuma a lokacin kana da ƙiyasin makanikinka a hannu da za ka gwada da shi.